Sannu da Ƙoƙari, Dattijo Simeon Lee

A cikin duk attajiran da aka taɓa yankawa a talabijin ɗin Ingila don a ɗebe wa jama'a kewa lokacin Kirsimeti, babu wanda ya kai dattijo Simeon Lee cancantar yabo, kuma an daɗe ana tauye masa haƙƙinsa. Kullum Hercule Poirot ake yi wa tafi, ɗan Beljiyam ɗin nan mai murɗaɗɗen gashin baki, wai ya gano abin da ya shige wa kowa duhu. To wa ya samar masa aikin? Ba don Simeon ya ƙarar da rayuwarsa yana dasa ƙiyayya a zuciyar duk wanda ya raɓe shi ba, da wa Poirot zai zarga? A ce mutum ya tara iyalinsa a gida guda, a yanka shi, a waiwaya a ga kusan kowa a gidan yana da dalilin yin yankan, wannan ba aikin rago ba ne. Sai wanda ya dage, ya hana idonsa barci shekara da shekaru.

Agatha Christie ce ta ƙirƙire shi a littafinta Hercule Poirot's Christmas, wanda ya fito a watan Disamba na 1938. Daga baya tashar ITV ta mayar da labarin fim a cikin jerin da David Suchet ya riƙa fitowa a matsayin Poirot daga 1989 zuwa 2013, aka nuna shi a hutun ƙarshen shekarar 1994, Vernon Dobtcheff kuma ya hau kujerar dattijon. Tun daga lokacin, da wuya sanyin Disamba ya wuce ba a sake dawo da shi ba, iyalai sun ƙoshi, sun miƙe ƙafa gaban akwatin talabijin, suna jiran a yanka mai gidan Gorston Hall.

Mu fara da zumunci, dattijo, tunda nan ka fi shahara. Tsufa ya kama ka, ƙafa ta ƙi, ba ka iya sauka daga bene, sai ka aika wa 'ya'yanka cewa su zo a yi Kirsimeti tare. Wasu sun yi shekara ashirin ba su taka gidan ba. Suka taso daga nesa, wasu da ɗar-ɗar, wasu da ɗan guntun fata cewa tsoho ya yi laushi, yana son a yafi juna kafin ta Allah ta kasance. Ka bar su suka sauke kaya, suka huta. Ranar jajiberi ka sa aka kira su ɗakinka, ka daidaita lokacin yadda za su shigo su tarar da kai riƙe da kan tarho kana gaya wa lauyanka cewa kana son sauya wasiyya. Ba ka rage murya ba, don me za ka rage, ai ba ka da abin ɓoyewa. Da ka ajiye wayar sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya: wannan rago ne, wancan ba shi da amfani, duk cikinsu an rasa mai ba ka jika namiji. Ka sanar da ɗanka George, ɗan majalisar dokoki, cewa za a rage masa kuɗin da ake ba shi. Ka tono mahaifiyarsu da ke kwance a kabari ka zage ta a gaban 'ya'yan da ta haifa. Sannan ka rufe da albishir, cewa a wani wuri a duniya kana da 'ya'yan da ka haifa ba tare da aure ba, kuma ka tabbata sun fi waɗannan zama maza. Wane uba ne yake da gaskiya irin wannan? Wasu iyayen sai su yi ta rufa-rufa, suna sa albarka, suna haɗa kan yara. Kai kuwa ka watsa tsaba tsakanin zakaru, ka koma gefe kana dariya suna saran juna, kuma ba ka taɓa cewa don Allah ka yi ba. Ka ce nishaɗi kake so, ka kuma same shi.

Dubi tarbiyyar da ka ba su. Alfred, babban ɗa, ya so aikin soja, ka ce ya dawo gida ya riƙe kasuwanci, ya dawo. Ya tsufa a ƙarƙashin inuwarka, shi da matarsa Lydia ba sa shirya tafiya sai ka yarda, kuma yana ƙaunarka da zuciya ɗaya. Ladan wannan biyayya shi ne ka kira shi gabanka ka gaya masa cewa ƙanensa Harry zai dawo gidan da zama, Harry ɗin da ya saci sa hannunka a takardar cek ya gudu ya shiga duniya, yana bugo waya daga ƙasa zuwa ƙasa a aika masa kuɗi. Shi ka fi so, domin shi ya fi kama da kai. A littafin akwai David, mai zane, wanda ya bar gidan tun mutuwar mahaifiyarsa Adelaide, ya girma bai daina jin kukanta ba. Masu fim sun cire shi, ƙila don awa biyu ba za ta ɗauki duk alherinka ba. Ita Adelaide kuwa ka koya mata haƙuri yadda ya kamata. Ba ka ɓoye mata matan da kake bi ba, ka bar ta ta sani, ta yi ta zubar da hawaye har ciwo ya kwantar da ita, sannan ka ce kukan nata ne ya gundure ka. Mace ta mutu da baƙin cikinka, ka kuma same ta da laifin rashin fara'a. Ba kowane namiji ne zai iya wannan hukunci ba.

Sai dukiya. An ce kana da sakin hannu, kuma gaskiya ne, littafin ma ya shaide ka. Kana ba da sadaka, kana sallamar matan da ka lalata wa rayuwa da kuɗi masu kauri, yadda babu mai cewa ka ci bashi. Daga ina kuɗin suka fito? Daga lu'ulu'un Afirka ta Kudu. Clive Exton, wanda ya tsara labarin don talabijin, ya ga bai kamata a bar wannan babin a rufe ba, sai ya buɗe fim ɗin da shekarar 1896, kana saurayi a daji tare da abokin neman arzikinka. Kun sami duwatsun, dare ya yi, ka kashe shi don kada rabo ya wahalar da ku. Ka fita da rauni, ka faɗi a hanya, wata mata mai suna Stella, mai tabon haihuwa a fuska, ta tsince ka ta kai ka gidanta ta yi jinyarka har ka miƙe. Ka saka mata da abin da kake da shi: ka kwana da ita, ka sulale, ka bar ta da ciki. Minti kaɗan aka ba wannan tarihi, sai aka tsallaka shekara 40, aka nuno Landan ana sayayyar biki. Haka ya dace. Mutumin da aka kashe a daji ba shi da katafaren gida, ba shi da lauya, babu mai aika wa Poirot takarda saboda shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kake son duwatsun nan. Ka ajiye su a akwatin ƙarfe a ɗakin barcinka, ɗanyu, ba ka yarda an yanka su an goge ba. Ka kan fito da su ka zuba a tafin hannu kana murzawa, kana tuna rana da ƙura da ƙuruciya. Ka nuna wa Pilar, yarinyar da ta zo daga Sifaniya a matsayin jikarka, ta ga tsakuwa ce kawai, ka yi mata dariya. Mutum mai riƙon amana ga abin da ya wuce ke nan. Kuma ƙwaƙwalwarka tana da ladabi, ta san abin da za ta tuna da abin da za ta bari.

Ga kaɗan daga abin da ta bari. Sana'ar da ta yi maka riga da wando ta kankama ne bayan an tsinci lu'ulu'u kusa da Kogin Orange a 1867. A 1871 aka fara haƙa a wani tudu a wurin da ya zama garin Kimberley, aka yi ta haƙa har 1914, tudun ya koma rami mai faɗi da zurfin da har yau mutane ke zuwa kallo. Mutum wajen dubu 50 ne suka haƙa shi da diga da shebur, aka fitar da lu'ulu'u kilo 2,700 da ɗoriya. Mafi yawan masu digar baƙar fata ne da suka taso daga ƙauyuka masu nisa, wasu a ƙafa. Daga 1885 kamfanoni suka fara kulle su a sansanoni masu shinge, mutum ba ya fita sai wa'adin kwantiraginsa ya cika, daga ɗaki sai rami, daga rami sai ɗaki. In zai tafi gida a tsare shi kwanaki, a tuɓe shi, a sa masa safar hannu ta fata marar yatsu, a bincika bakinsa da gashinsa da bayan gidansa, kada ya haɗiye dutse ɗaya daga ƙasar kakanninsa. A 1888, shekarar da Cecil Rhodes ya haɗe ma'adinan a ƙarƙashin kamfanin De Beers Consolidated Mines, gobara ta tashi a ƙarƙashin ƙasa a ramin De Beers ta kashe mutum sama da 200, galibinsu baƙar fata. Wannan ita ce kasuwar da ta ba dutsen hannunka daraja. Christie ta san ƙasar, ta je can a 1922 cikin tawagar tallata baje kolin Daular Birtaniya. Amma a Gorston Hall tambaya ɗaya ce ake yi game da lu'ulu'un: wa ya ɗauke shi daga akwatin mai gida? Sata ta fara ne daga ranar da aka taɓa naka. Madalla da wannan lissafi, ya sauƙaƙa wa kowa.

Mutuwarka ma ba ka yi ta lami ba. Christie ta bayyana a farkon littafin cewa mijin 'yar'uwarta, James Watts, ya yi mata ƙorafin kashe-kashenta sun cika tsabta, yana son kisa mai jini sosai, ita kuma ta rubuta masa wannan. Kyautar Kirsimeti ce tsakanin surukai, kai ne aka naɗe a ciki. Daren jajiberi, bayan an ci abinci, sai aka ji rugugin kayan ɗaki suna faɗuwa a sama, aka ji wata ƙara mai tayar da tsikar jiki. Aka ruga, ƙofa a kulle, makulli a ciki, aka ɓalle ta. Ga ka kwance gaban murhu an yanke maƙogwaro, jini ko'ina, kujeru da tebura a kife, taga kuma ba ta buɗuwa yadda mutum zai fita. Dabarar, da aka gano ta, abin a jinjina ce. An kashe ka tun da wuri. Mai kisan ya zo da jinin dabba da aka zuba wa sinadarin hana daskarewa ya yayyafa, ya hura wuta don kada gawa ta yi sanyi, ya jera kayan ɗaki bisa juna ya ɗaure da igiya ya zura ta ta ƙasan taga, ya murɗa makullin daga waje da filaya. Da lokaci ya yi ya tsaya a waje ya ja igiyar. Ƙarar nan kuwa da ta sa 'ya'yanka suka daskare, kowa yana rantsuwa kukan ran da ke fita ne, balan-balan ce ta wasan yara, irin mai hoton alade, wadda ke tsuwa in iska na fita. Attajiri mai miliyoyi, wanda gari guda ke tsoro, aka wakilta numfashinsa na ƙarshe da abin wasan kobo. Ko a nan ka yi wa masu kallo hidima, ka ba su abin dariya a ɗakin da aka yanka mutum.

Dole a yaba wa shirin kansa, don ya san darajar baƙinsa. Ya san mutanen da suka ci suka sha ba sa son a ɗaga musu hankali, sai ya lulluɓe yankan da dusar ƙanƙara da waƙoƙin coci da fitilu. Poirot na fim bai je gidanka don tausayi ba: na'urar ɗumama gidansa ce ta lalace a tsakiyar sanyi, da ka kira shi abin da ya fara tambaya shi ne ko gidanka da ɗumi. Babban Sufeto Japp, wanda Philip Jackson ke fitowa a matsayinsa, yana can Wales a maƙale cikin dangin matarsa ana ta rera waƙa, labarin kisan ya zo masa a matsayin ceto. Kowa ya ci riba da gawarka. Suchet ya yi aikinsa da gwaninta, tafiyarsa da kallonsa da shirunsa duk a aune, kuma gwanintar ce ke sa mai kallo ya manta cewa a minti goma na farko an kashe wani mutum an kuma wulakanta wata mata, ba wanda ya buɗe musu fayil. An zaɓo mamaci wanda babu mai yi masa kuka, don kada hawaye ya ɓata wa kowa shayi. Ka ga amfanin mugun hali: ya mai da kisan kai wasan wasa ƙwaƙwalwa da za a yi da yara a falo.

Yanzu ga babban abin alfaharinka. Poirot ya ce asirin kisan yana cikin halin wanda aka kashe, ya tsaya gaban hotonka na ƙuruciya yana nazari, har ya sayo gashin baki na roba ya gwada a kai. Me ya gani? Fuskar Sufuritanda Sugden, ɗan sandan da ke jagorantar binciken, wanda ya shigo gidan da yamma da sunan karɓar taimakon gidan marayun 'yan sanda, ya fita, ya dawo daidai lokacin da ake ihu. A littafin tsohon ma'aikacin gidan, Tressilian, ya yi ta jin kamar ya buɗe wa mutum ɗaya ƙofa sau uku, domin Harry da Sugden da wani baƙo mai kiran kansa Stephen Farr duk tsayinka ne da haɓarka da irin dariyarka. Biyu daga ciki ba su taɓa amsa sunan Lee ba. A fim, Sugden shi ne cikin da ka bar wa Stella.

Kyan ɗa ya gaji ubansa. Kai da bakinka ka yi alfaharin cewa ka taɓa jiran shekara 15 kafin ka rama abin da wani ya yi maka. Ga ɗan da ya jira fiye da haka. Ka raina na cikin gida don ba su da zafin zuciya, ka yi fatan na waje sun fi su, fatanka kuwa ya cika, har ɗaki ya biyo ka ya nuna maka. Duk abin da ka ce kana nema a ɗa namiji, haƙurin ɗaukar fansa, sanyin jini, iya shirya abu ba tare da an gani ba, a wurinsa ka same shi. Ba ka ba shi suna ba, ba ka ba shi uba ba, ba ka san ranar da ya fara tafiya ba, amma ka ba shi halinka cif, shi kuma ya dawo maka da shi bai rage komai ba. A gaishe ka, ka iya haihuwa.

Kisa kisa ne, kuma wanda ya yanka tsoho marar ƙarfi, ya bar zargi ya rataya a wuyan 'yan'uwansa, har ya nemi hallaka yarinyar da ta tsinci guntun balan-balan ɗin, ba shi da wani uzuri. Amma a duba yadda adalcin ya tsaru, abin sha'awa. A Ingila ta shekarun 1930 hukuncin kisan kai rataya ne, ba a dakatar da shi ba sai 1965. Sugden igiya ke jiransa. Kai da ka kashe abokinka, ka kashe matarka a tsaye, ka zubar da 'ya'ya a nahiyoyi biyu, ka rayu har tsufa a kan kujera mai laushi, mai hidima na kawo maka abin sha, da aka taɓa ka kuma aka ɗauko mai binciken da ya fi kowa a Turai. Dokar ƙasar ma tana bayanka: a wancan zamani ɗan da aka haifa ba aure ba ya gadon ubansa in uban bai rubuta shi a wasiyya ba, kuma ba a gyara wannan ba sai 1969. Da Sugden ya zo maka da hannu biyu yana neman a san da shi, babu kotun da za ta saurare shi. Da ya zo da wuƙa, cikin kwana huɗu an san sunan uwarsa da na ubansa.

Pilar ma ba Pilar ba ce. Jikarka ta gaskiya bam ya kashe ta a hanya a yaƙin basasar Sifaniya, wanda aka gwabza daga 1936 zuwa 1939, wata yarinya da suke tafiya tare ta ɗauki fasfonta ta zo cin arziki. Ita kaɗai ce a gidan ta ji daɗin hira da kai, kuma ita ce ba jininka ba. Mutuwar jikar taka an ambace ta a jimla biyu an wuce, saboda ba a ɗaki mai kulle ta faru ba, kuma kowa ya san wanda ya jefa bam ɗin, babu abin warwarewa.

Daga nan sai rabon gado. Ba ka kai ga sauya wasiyyar ba, tsohuwar ta tsaya: a littafin rabi na Alfred, sauran a raba wa 'yan'uwansa. Lu'ulu'un da ya ɓata an same shi cikin tsakuwar wani ɗan lambun ado da Lydia ta shirya, aka mayar da shi cikin dukiya. 'Ya'yan da suka ƙi jininka, suka ce kai azzalumi ne, babu wanda ya ce hannunsa ba zai taɓa kuɗin azzalumi ba. Suka yafi juna, suka yi shawarar sayar da gidan, kowa ya kama gabansa da kasonsa. A fim Poirot da Japp suka yi musayar kyautar biki, kiɗa ya tashi, sunaye suka hau allo. George zai koma majalisa ya ci gaba da yi wa talakawa wa'azin tsimi. Stella ta tsufa, ta rasa ɗa ɗaya da take da shi, kuma ko sule ba ta da shi a cikin abin da aka raba.